Jan Fenti a Tayar Malam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba mu takardar shaidar yaƙi da jahilci ba. Ba don takardar ba, ita tana nan ƙasan akwati har gara ta ɗanɗana gefenta. Don abin da na yi wa Bawa mai faci ne a gaban jama'a, ni da ko kaza ban iya kora da ƙarfi.

Maigidana malamin daji ne a lokacin, nan Birnin Gwari. Yana da wata tsohuwar basfa da ya saya hannun wani Bature da ya tattara ya koma gida bayan samun mulkin kai, da ita yake shiga gandun Kamuku duba masu saran itace. Tayoyinta sun suɗe, sumul kamar bayan faranti. Farkon daminar nan ta zame da shi a gangaren wani rafi bayan Tsohon Birnin Gwari, Fulani suka kawo mini shi kafaɗa a goce, fuska duk jini. Ina goyon Ladi, ga yara uku a ƙasa. Ranar na ce masa (a hankali, don ni ban iya faɗa ba) ba zai sake hawanta ba sai an canza taya.

Bawa shi kaɗai ne mai faci a garin, rumfarsa na bakin tasha, kullum a buɗe sai ran Lahadi da yake zuwa coci. Shi ya je Kaduna ya zo da tayoyi iri biyu, ya baje su a zaurenmu. Malam ya kira ni, ya ce tunda ni na ta da maganar, in zo in gani. Iri ɗaya sai sheƙi take, zanenta siriri, ta zamani. Ɗayar kuwa mummuna ce, mai manyan haƙora, irin ta da. Idon Malam na kan mai sheƙin.

Bawa ya ce, "Malam, wannan ta 'yan birni ce, ta kwalta. Kai ina ka ga kwalta a Kamuku? Ɗauki irin ta da. Da irinta Baturen ya zo. Taɓa ka ji, cizon laka take yi."

Aka ɗauki masu haƙora guda biyu, aka jingine su a ɗakina kafin kafaɗar Malam ta warke. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Yaushe mai kaya ya fara kushe kyakkyawan kayansa yana yabon mummunan?

Na kai maganar ajinmu na yaƙi da jahilci, wajen ƙawata Asabe, wadda muke zama benci ɗaya. (Da na san halin bakin Asabe kamar yadda na sani yanzu, da na haɗiye abata.) Ta dafa ƙirji ta ce, "Ke dai Allah ya yi ki da sanyi! Ba ki san masu faci ba? Sabuwar za su nuna miki. Ranar sawa sai su ɗauko tsohuwa, su ƙara mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai. Shi ya sa ya zaɓa muku irin ta da, don tsofaffinta ne tuli a bayan rumfarsa."

Na koma gida. Ina duban tayoyin nan, ina ganin Malam kwance a rafi. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar wanda bai daɗe da koyon baƙi ba, wanda ko bango ya gani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Akwai gwangwanin jan fentin da Malam ke sa wa itatuwa alama. Na tsinko gashin kaza, na tsoma, na rubuta a gefen taya ɗaya, baro-baro: BAWA NA GAN KA. Kafin in kai ga ta biyu Ladi ta tashi da kuka. Na juya rubutun wajen bango, na kuma naɗe tayar da buhu ranar da aka zo ɗauka.

Da yamma Malam ya dawo a kan basfa yana murmushi. Yana shiga wanka na fita zaure na durƙusa. Na duba ta gaba, gefe da gefe, ba komai. Na duba ta baya, inda ido ke gani, ba ko ɗigon ja. Ɗan gashi-gashin nan da ke kan sabuwar taya ma duk ya kaɗe a tsakiya, sai jar ƙasa. Na ce shi ke nan, Asabe ta yi gaskiya.

Da na kai masa tuwo na ce, "Malam, anya tayoyin nan su ne kuwa?"

Ya ce, "Su wa za su zama? Bawa ne fa."

Na ajiye tuwon na fita. Kwana uku ina dakon abin nan a ciki. In Bawa ya gaishe ni a hanya sai in ga kamar dariya yake mini. In ya sa sabuwar hula in ce ga tayarmu a kansa.

Rana ta huɗu aka yi bikin ba da takardu a filin makarantar firamare, maza a gefe, mata a gefe, ga manyan gari a kan kujeru. Aka kira ni ta ɗaya a kyan rubutu cikin mata, Asabe ta rangaɗa guɗa. Ana tashi sai na hangi Malam yana ɗaure jakarsa a bayan basfa, Bawa na tsaye kusa da shi suna hira. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Na ji Malam yana cewa daga nan Kamuku zai wuce, aiki ya taru tun da ya kwanta.

Ban san lokacin da na ratsa taron maza ba. Na riƙe sirdin da hannu biyu, takardata a hammata, Ladi a baya. Muryar da ta fito ban taɓa jin ta a bakina ba.

"Wallahi ba za ka shiga daji a kan tsohuwar taya ba! Bawa, ka ji tsoron Allah, ka fito da tayar da muka zaɓa. Na sa mata alama, babu ita a nan!"

Kowa a filin ya waigo. Bawa ya dube ni, ya dubi Malam, ba fushi ko kaɗan a fuskarsa, wanda shi ya fi tayar mini da hankali.

Ya ce, "Matar Malam, ɗan matsa."

Ya tuɓe rigar bikinsa ya miƙa wa Malam, ya cire murfin gefe, ya kwantar da basfar a kan ciyawa. Ashe ɗaya gefen tayar baya yana maƙale da inji, ba a ganinsa sai an kwantar. Ya ce, "Haƙoran nan suna da gaba da baya. In na juya ta don rubutunki ya fito fili, ba za ta kama ƙasa ba, Malam ya sake shan ƙasa." Ya goge laka da hannu, ya juya tayar a hankali. Ga jan fentina nan ya fito, kyan rubutu na ɗaya.

Sai a sannan na lura da takardar da ke leƙowa daga aljihun wandonsa. Irin tawa ce sak. Ashe Bawa ajin maza yake zuwa! An ma kira sunansa ɗazu, ina can ina lissafin hularsa ban ji ba. Ya ɗora yatsa, ya karanta da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, yadda aka koya mana: "Ba-wa... na... gan... ka." Ya ƙara juya tayar. A gaba ga wani rubutu da farin fenti, karkatacce kamar tafiyar agwagwa. Ya ce, "Wannan kuma nawa ne. Matar Malam, ke ce ta ɗaya, karanta mana."

Da na samu rami da na shige. Amma ido ɗari na kaina, malamin ajinmu ma ya matso yana gyara tabarau. Na karanta, murya kamar ta sauro: "Ni ma na gan ki."

Dariyar da aka yi har waɗanda suka kai bakin hanya sai da suka dawo. Wani dattijo ya ce lallai karatu ya zo Birnin Gwari, tunda har tayoyi sun fara aika wa juna wasiƙa. Na waiga neman Asabe, ko ƙurarta. (Washegari ce mini ta yi ai ita masu facin Funtuwa take nufi.)

Ruwa ya ɓarke, Malam ya tafi a cikinsa. Bayan kwana biyu ya dawo, wandonsa ba tabon faɗuwa ko ɗaya, ya ce gangaren rafin nan basfa ta hau shi kamar akuya. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kin san inda rumfar take." Na dafa dambu, na yafa mayafi, na je na durƙusa na ce, "Bawa, ka yafe mini, tsoro ne ya sa." Ya ce, "Haba matar Malam, ai tun ranar da na kwance buhu na yafe. Wata shida ina zuwa aji, ba wanda ya taɓa rubuto mini komai sai ke."

Tayar nan ta yi ƙarko, abin haushi. Duk lokacin da ƙaya ta huda ta aka cire, sai 'yan tasha su taru a sake karatu. Har Bawa ya tsufa bai taɓa gaishe ni da ina kwana ba, daga nesa zai ɗaga hannu ya ce, "Matar Malam, na gan ki!"

Tun daga ranar, in zargi ya cika mini ciki, nakan tambayi mutum tun muna mu biyu, kafin ya kai kwana uku. In kuwa hannuna ya matsa sai na yi rubutu, to nakan fara bincikawa ko shi ma yana zuwa aji.