Rasuwar 'Yar Damagaram, Laftof ɗin Abdulbaqi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Abdulbaqi Sajo na Gumel, ɗan wasan fim, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar laftof ɗinsa, wadda aka fi sani da 'Yar Damagaram. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta shigo ƙasar nan ta Maigatari, a bayan babur, naɗe cikin bargo. Ba a san shekarunta ba, don ta zauna a gidaje biyu kafin ta zo hannunsa. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Shekara tara Abdulbaqi yana fitowa a fim bai taɓa samun maganar da ta wuce "sannunku" ba. Shi ne na uku daga hagu a zaman makoki, shi ne mai jan akuya a bayan jarumi. Duk ta adana masa, ba ta taɓa yi masa dariya ba.

Ciwon ajalinta ya faro ne da wani darakta a Kano ya buɗe zaɓen 'yan wasa. Ya ce kowa ya yanko wuraren da ya fi nuna gwaninta, ya haɗa bidiyon minti uku, ya turo kafin Juma'a. Abdulbaqi ya ga ƙofar da ya daɗe yana jira ta buɗe, ya zauna yanka da haɗi.

Sai Goggo Kande, yayar mahaifinsa da ta raine shi, ta ce ba a faɗa wa mutane gida ba sallama. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna gaban kyamara, ta gaida darakta, ta tambayi iyalinsa da gajiya da zafi, sannan ta ɗauko tarihin Abdulbaqi tun daga yaye. Minti shida cur. To, wa zai yanke babba yana tsakiyar gaisuwa? Da labari ya kai Gagarawa, Kawu Ilu ya shigo motar safe ya faɗi nasa. Dangin uwa na Sule Tankarkar suka ce su ma ba bare ba ne. Bidiyo ya kai minti arba'in da bakwai, jan akuyar yana can ƙarshe.

Da aka ce marigayiya ta haɗa wannan kaya wuri guda, sai zazzaɓi ya rufe ta. Tana ta "fuuu, fuuu", Tayyiba, mai ɗakin Abdulbaqi, tana mata fifita, har kan bakin randa aka ɗora ta ko za ta ji sanyi. Ta kai kashi casa'in da huɗu cikin ɗari, ta ce "ƙit", fuskarta ta yi duhu.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin roba, da jaka mai mataccen zif, da gaisuwar Goggo, wadda aka riga aka zuba a waya don tsohuwa ta ga kanta. Da babu gara ba daɗi, ita Abdulbaqi ya tura Kano, tunda yana ciki, a durƙushe a gefe yana gyaɗa kai.

Jiya darakta ya kira. Abdulbaqi ya miƙe tsaye ya amsa. Ashe tsohuwar ake nema, wai shekara biyu ana cigiyar wadda za ta fito uwar jarumi. Ya yi kuka na gaske, mafi kyawun wasan da ya taɓa yi, kuma babu mai adana masa.

Za a kai marigayiya makwancinta gobe da hantsi, a shagon Hamza mai gyara, inda za a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa kwana uku a ƙofar gida. Goggo ta ba da uzuri, ranar Asabar za ta wuce Kano, Abdulbaqi ne mai riƙe mata jaka. Amma ta ɗauki alkawarin roƙa masa darakta, idan akwai akuya a fim ɗin.