Gyalen da Ya Sha Sukari

Lokacin da kuɗin mai ya cika Libiya na bi maigidana Sabha, yana aikin gini. Maƙwabciyarmu Hajja Mabruka ta koya mini saƙa ƙananan furanni da kwarashi. Kafin wata ya mutu, na fara ganin na fi malamata.

Ta ce, "'Yata, tsoma su a ruwan sukari su tsaya ƙyam. Amma kaɗan."

Na ce a raina, kaɗan ai na marowata ne. A garin da sukari ya yi araha kamar yashi? Na yi ta zubawa har ruwan ya koma zuma.

Ranar bikin ɗanta a unguwar Abdulkafi, na jera furannin a bakin gyalena, na shiga cikin mata ina taku ɗai-ɗai. Suka zuba mini ido, na ƙara ɗaga kai. Ashe ƙudajen Sabha kaf sun bar naman biki sun yi mini rakiya. Zafi ya narkar da sukarin, gyale ya manne mini a wuya. Jaririyar da ke kusa ta cafki fure tana tsotsa, da aka ƙwace ta tsala ihu.

Hajja ta riƙe haɓa ta ce, "Saƙa na koya miki ko alewa?"

Yau muna Damagaram da jikoki. In shayi bai ji sukari ba, maigida sai ya miƙo kofi ya ce, "Hajiya, ɗan tsoma mana gyalenki."