Ranar da Baffa Sallau Ya Shiga Teku

Ranar Asabar, sha biyar ga Yuli, 2023, an tashi da yayyafi a Zariya, irin mai sa mutum ya ƙara jan bargo. Amma tun ƙarfe takwas Baffa Sallau, yayan mijina, ya yi sallama a gidanmu, ya sha babbar riga, amininsa Malam Tanimu tela yana biye da shi.

Duk unguwa an san Baffa da labarin teku. Shekara shida ya yi a Legas, kuma a faɗarsa rabinsu a ƙarƙashin ruwa ya yi su. Ya taɓa kokawa da kifin da ya kai tirela. Ya taɓa nutsewa bayan azahar bai fito ba sai da aka kira la'asar. Mu dai sai mu ce ikon Allah, tunda babu wanda ya taɓa ganin ruwan da ya wuce na dam.

To, 'yata Barira da abokan aikinta suna haɗa wasan kwamfuta, irin wanda mutum ke zaɓar wanda zai zama a ciki: masunci, ko likitan tawaga, ko mai binciken jirgin da ya nutse. Labarin duk a can ƙasan teku yake, inda rana ba ta kaiwa, sai kifaye masu haske kamar an rataya musu fitila. Abin da ya rage musu shi ne sunan jagoran tawagar. Baffa na ji ya ce magana ta ƙare, sunansa za a sa, da fuskarsa, har da hular. Kafin Barira ta amsa ya riga ya sanar a majalisarsu, an fara kiransa Sarkin Ruwa.

Barira ta ce to ya zo ya gwada wasan tukuna, ya gyara musu kurakurai. Zuwan da ya yi ke nan.

Ta ɗauko wani tabarau kamar na masu walda, ta ce, "Baffa, idan na sa maka wannan za ka ga kamar a cikin ruwan kake. In ka ji jiri ka faɗa."

"Jiri? Ke 'yar nan, na gaske ma ban ji jiri ba, sai na cikin akwati? Tanimu, ka zama shaida."

"Ai shi ya kawo ni, ranka ya daɗe."

Ta ɗaura masa, ta toshe masa kunne da abin sauraro, ta kunna. Muna jin ƙarar kaɗan-kaɗan, ɓul-ɓul-ɓul. Sai muka ga Baffa ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa. Ya naɗe ƙafar wando. Can kuma kumatunsa suka kumbura suntum, jijiyar wuya ta miƙe.

Na ce, "Yaya, yi numfashi mana, a falo kake."

Fuuu! Ya saki iska. "Na sani. Sabo ne."

Bai rufe baki ba ya daskare. Ya ja da baya. Ya ƙara ja.

"Barira, mene ne wancan?"

"Wanne, Baffa?"

"Mai idon nan! Ni yake kallo! Ga shi nan tafe!"

Tsalle ɗaya ya haye kujerata, da takalminsa da komai. Hula ta yi gefe. Yana iyo da hannu a iska, fafal-fafal, har ya ture mini fulas.

"Innalillahi! Tanimu! Jefo guga! Ka jefo guga na ce!"

"Sarkin Ruwa, wace gugar kuma? Ba kai ne ka kayar da mai girman tirela ba?"

"Wane ni! Wallahi gadin kwantena na yi a tashar jirgi! Ko gada muke hayewa rufe ido nake yi! Ku fitar da ni, ina da iyali!"

Barira ta yi sauri ta zare tabarau ɗin. Ya tsaya a kan kujera yana haki, yana shafa rigarsa ya ji ko ta jiƙe. Malam Tanimu ya matsa kusa da allon kwamfutar, ya gyara zaman gilashinsa.

"Barira, wannan ne ƙasan tekun?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Malam. Bakin gaɓa ne, ruwan iya gwiwa. Ba a fara ba."

"Dodon fa?"

"Ɗan kunkuru ne. Shi ke yi wa baƙi sannu da zuwa, ya nuna musu inda za su danna."

Malam Tanimu ya zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa kicin na shige, don bai kyautu ƙanwa ta yi wa yayan mijinta dariya a gabansa.

Kwana tara ba a ga Baffa a majalisa ba. Matarsa ta ce mini ya rubuta wa Barira takarda, yana ta yawo da ita a aljihu, ya zo ƙofar gidanmu sau biyu ya juya. A ƙarshe, duk da layi ɗaya ne tsakaninmu, sai ya hau keke napep ya tafi gidan waya, ya manna kan sarki ya jefa. Layi uku ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Ina sanar da ke na janye sunana daga wasanku, saboda murar da ta kama ni tun ranar. Ruwan naku ya cika sanyi."