Enzayim ɗin Dakta Lurwanu Mai Jure Wuta

Wani mutum ne a Kaduna, Dakta Lurwanu, wanda in ya fara ba da labarin kansa sai ka nemi kujera. Aikinsa binciken enzayim, wato sinadarin furotin da ke mayar da sitaci ya koma sukari. Matsalar abin ita ce ragwanci. Da ya ji zafi sai ya dunƙule kamar dafaffen ƙwai, aiki ya tsaya.

Shi kuwa Dakta ya cika gari da cewa ya sake wa nasa tsari a kwamfuta, ya ɗaure shi tamau. "Nawa ko a tafasasshen ruwa barci yake yi," in ji shi. "Turawa ma sun bugo waya, na ce su bi layi."

Labari ya kai kunnen Hajiya Kubura, mai masana'antar da ke yin ruwan sukari da rogo. Kullum sai ta jira tukwanenta sun huce kafin a zuba enzayim, rabin yini ya tafi a banza. Ta ce in ta gani da idonta, shi ne shugaban ɗakin bincikenta, har da mota.

Dakta ya gwada abinsa a ruwan zafi sau bakwai, sau bakwai yana mutuwa murus. Amma mota fa! Sai ya cika kwanon gwaji da ruwan ɗumi, ya zare wayar ma'aunin zafi ya tsoma bakinta cikin filas ɗin shayinsa a ƙarƙashin tebur.

Hajiya ta iso da safe. Allon ma'auni ya nuna digiri casa'in da biyar. Dakta ya ɗiga enzayim a kwalbar kunun rogo da ke cikin kwanon, ɗis, ɗis. Nan da nan kunu ya tsinke.

"Kin gani, Hajiya? Casa'in da biyar, ko gezau!"

Hajiya ta yi shekara talatin a bakin tukunya. Ta ƙura wa kwanon ido.

"Dakta, ina tururin?"

"Ai... na'urar zamani ce, tana shanye shi."

"To, madalla."

Sai ta naɗe hannun riga. Tsulum! Ta tsoma hannu har wuyansa.

"Hajiya, za ki ƙone!"

Ta juya hannun a ciki, har da wanke 'yan yatsu. "Ruwan nan ko alwala zan yi, sai na ce a ƙara ɗumama shi."

Wallahi har na so in tausaya masa. Gumi ya keto masa sharkaf. Hajiya ta kama wayar nan tana bi sannu a hankali, ta sunkuya, ta jawo filas. Ta buɗe, tururi ya taso fuu, da ƙamshin citta.

Ta rufe filas ɗin, ta saƙale a hammata, ta nufi ƙofa.

"Hajiya, maganar aikin fa?"

"Ai na ɗauka, Dakta. Duk ɗakin nan wannan ne kaɗai ke jure zafi. Gobe zai fara."