Ranar da Kwamfuta Ta Yi Haushi a Daudawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka buɗe ɗakin kwamfuta a makarantarmu ta Daudawa ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Wani ɗan garin da ke aiki a Kaduna ne ya aiko mana da tsofaffin kwamfutocin da ofishinsu ya daina amfani da su. Tsofaffi fa na gaske, in ka kunna ɗaya sai ta yi ta nishi kamar jakin da aka ɗora wa buhun masara. Hedimasta, Malam Isiyaku, ya ce tunda ni ne malamin lissafi, ni zan farfaɗo da su (a wurinsa duk abin da ke da lambobi nawa ne).

Na je Faskari inda sabis ke da ƙarfi, na sauko da manhajoji uku marasa nauyi, irin na Linux da ake rabawa kyauta, kowa na iya gyara su yadda ya so. Na zauna gwaji. Ta farko kyakkyawa ce, amma kafin ta gama buɗewa ka shanye kokonka ka wanke kofin. Ta biyu ba nauyi ko kaɗan, sai dai baƙin allo kawai take nuna maka, komai sai ka rubuta mata umarni, yaranmu kuwa ko linzamin kwamfuta ba su taɓa riƙewa ba. Ta uku ita ce ta sace zuciyata: daga filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, take tashi, kafin ka gyara zama ta buɗe.

Aibinta ɗaya. Sunanta da Turanci yana nufin ɗan kwikwiyo, har da hoton kare a fuskarta. Na cire hoton na sa na gonar dawa, na ja bakina na yi shiru. Kwamfutocin ba su da sifika, don haka ban taɓa jin sautinta ba, ban kuma damu ba.

Ranar buki aka kafa rumfa. Liman ya zo, wakilin dagaci ya zo, iyayen yara sun cika benci. A layin gaba kuma ga Alhaji Sule, mahaifin Hauwa, wadda nake nema a lokacin. Na sha shadda, na zuba manhajar a sabon filas don kada tsohon ya ba ni kunya (ka ji dabara), na manta cewa sabon bai san da gonar dawa ba.

"Malam, a haɗa ta da lasifika," in ji hedimasta, "in ta buɗe sai ka sa wa jama'a ƙira'a."

Aka haɗa, aka ƙure murya. Na karɓi makirufo na yi ta zuba bayani, yadda na gwada uku, na auna nauyi da sauri, na zaɓo wadda ta fi dacewa da tarbiyyar yaranmu. Wallahi haka na ce, tarbiyya. Liman ya yi doguwar addu'a, na danna maɓalli, aka shafa fatiha, wuri ya yi tsit.

"Hau! Hau!"

Ashe da haushin kare take gwada sauti in an kunna ta sabuwa. Lasifikar ta kai shi har bakin kasuwa. Ga kuma karen a kan allo, ya zaro harshe yana kallon Liman. Karnukan makiyayan da suka sauka bayan katanga suka amsa gaba ɗaya. Liman ya tattare babbar rigarsa ya ɗage ƙafafu, yana leƙen ƙarƙashin tebur. Yara kuwa har da masu birgima a ƙasa.

Alhaji Sule ya gyara hula, ya dube ni a natse.

"Malam, cikin ukun da ka gwada, wagga ce mai tarbiyyar?"

Na buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ai kyauta ce."

"Na yarda," in ji shi. "Ko nan garin ba mu sayar da kwikwiyo."

Rumfar ta kece da dariya, har wakilin dagaci yana share hawaye da bakin rawani. Ni dai ina tsaye da makirufo a hannu, na rasa ma ta inda ake kashe abin.

Manhajar tana nan har yau, da ita yaran suka koyi rubutu da zane, na dai toshe mata baki. Hauwa ma an ba ni, bayan Alhaji ya ba duk danginsa labarin. Abin da na koya shi ne, komai saurin abu da rashin nauyinsa, kada ka miƙa masa lasifika a gaban manya sai ka fara jin muryarsa a ɗaka. Hauwa ta ce dokar ta shafe ni ma.