Rasuwar Littafin da Ba Shi da Shafukan Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, hannuwa kuma cike da kumfar sabulu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafinmu, tsohon labarin nan na zuwan Turawa wani ƙauye. Ranar Talata da hantsi ya zamo daga kan taga ya faɗa bahon wanki. Na tsamo shi, na shanya shi, na bi shi da dutsen guga, amma ina! Rai ya yi halinsa. Shekararsa talatin da ɗaya a hannuna.

Marigayin mai haƙuri ne. An tokare ƙofa da shi, an kashe sauro da shi, an ɗora masa kofin shayi, bai taɓa cewa komai ba sai "fat-fat" idan fanka ta kaɗa shi. Ya daɗe yana fama da ciwon baya. Sau biyu telan layinmu ya yi masa aiki da baƙin zare, ya miƙe ya ci gaba da hidima.

Ya bar bango ɗaya, da shafi arba'in masu karantuwa, da kyankyasai biyu da suka taso a cikinsa, da hoton fasfo na wata mata da har yau babu wanda ya santa a gidanmu.

Akwai wata magana da masu zuwa gaisuwa ya kamata su sani. Tun ina sakandare ƙanwata ta yage shafuka tara na ƙarshe ta kunna risho. A shekarar ce na fara karanta wa Baba littafin, ina fassara masa. Da na zo inda takarda ta ƙare, Baba ya zuba min ido, ya ce, "To, sai aka yi yaya?" Wallahi ban shirya ƙarya ba. Bakina ne ya ce jarumin labarin ya tara gari sun fatattaki Turawan. Baba ya miƙe yana tafi har hularsa ta faɗi! Duk shekara sai na sake karanta masa, duk shekara gudun na ƙaruwa. Bara ma shugaban Turawan ya bar takalmi ɗaya a rafi.

Ni na san yadda labarin ya ƙare da gaske. Na karanta a wani wuri, na yi kukana ni kaɗai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu, cikin kwalin madara, a gindin gwaibar bayan gida. Mijin ƙanwata, malamin jami'a, ya yi alkawarin zuwa da sabon kwafi ya karanta wa Baba da bakinsa. Ana roƙon ƙarfafan maza biyu su tare shi a bakin ƙofa, su cika masa baki da shayi.

Baba ya yi wa Bature masinja shekara goma sha ɗaya, sai ya durƙusa yake miƙa takarda. Yanzu yana da shekara casa'in da huɗu. A littafin nan kaɗai ya taɓa ganin sun gudu, kuma ban yarda wani ya dawo masa da su ba.