Rijiya a Allo na Shida

Malam Maiwada shekararsa hamsin da bakwai, kuma shi ke yi wa unguwarsu rubutu a wani ƙauye kusa da Kafur, zamanin da takarda sai fatake sun kawo ta daga Kano. Rijiyar unguwar ta rufta shekara biyu ke nan, mata sai rafi mai nisa. Gobe mai gari zai saurare shi sau ɗaya tak: ko ya ba da gayyar haƙa, ko a jira baɗi. Bara ma shi aka tura. Mai gari ya yi barci, aka tashi ba rijiya.

Bana ya cika alluna shida, ya rungumo su zuwa gidan taubashiyarsa Shafa'atu, 'yar kawunsa, don ya gwada a kunnenta. Ya same ta a inuwa tana kaɗi.

"...lafiya lau, sai da na gan ka. Itace ka kawo mini, bawana?"

"Wane ne bawanki? Jawabi ne, jahila. Ajiye mazarin nan ki ji ilimi."

"Ba na ajiyewa, shi ne alƙali. In ya suɓuce mini, ka kashe ni da barci."

Ya gyara murya. Allon farko gaisuwa ce: mai gari, ubansa, kakansa, dokinsa.

"Har doki?"

"Doki ne mai daraja."

"To jira ya amsa."

Allo na biyu asalin ruwa ne, tun daga Ɗufana.

"Malam, su can ruwa ya yi musu yawa. Mu nan babu."

Bai kula ta ba, ya shiga na uku, Larabci zalla. Yana tsakiya mazari ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin turmi. Shafa'atu ta yi firgigit.

"An yi sallar idi? Ai dubi akuyata ma, ta kwanta ba ta ƙarasa tuƙa ba. Mai gari yana jin Larabci?"

"A'a."

"Kai fa?"

"Ana taɓawa."

"To wa kake yi wa magana, Maiwada? Ina rijiyar?"

"Tana allo na shida, can ƙasa."

"La'ilaha! Ƙasa ta binne ta sau ɗaya, kai ka binne ta sau biyar."

"Haka malamai ke yi. Ba a faɗa wa babba buƙata gatsau."

"Shekaranjiya da ka zo cin tuwona, me ka ce?"

"Na ce yunwa nake ji."

"Ka fara da asalin dawa?"

"A'a."

"Ka samu?"

"Malmala biyu. Miyar ba gishiri."

"Amma ka suɗe ƙwaryar, maroƙi!" Ta ture kallabi, ta sunkuyar masa da kai. "Duba nan. Gammo ya cinye mini gashin tsakiya. Maƙwabciyata Adama da cikin wata takwas ta zame a hawan rafi, tulu ya fashe, Allah ne ya kiyaye. Rubuta wannan."

"Wannan ai ba rubutu ba ne, magana ce."

"Da me za ka kai wa mai gari, rawa? Kuma ka dubi idonsa. An ce bara ka tare fuska da allo, tsoho ya ga an ja masa ƙyaure, ya kwanta."

Malam ya dubi allunansa, aikin kwana tara.

"Sauran biyar ɗin fa?"

"Wanke mini su. Tagwayen ɗana Ummaru ba sa barci. Cokali guda-guda, sai sun yi gemu za su farka."

"Da wane ruwan zan wanke?"

"Ka ga ka fara iya magana."

Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. "Kin ci, mai sanƙo."

Washegari ya je da allo ɗaya. Ya gai da mai gari, ya ƙyale doki, ya faɗi sanƙon Shafa'atu da tulun Adama, ya roƙi gayya. Mai gari bai gama tauna goronsa ba ya ce a haƙa.

Ranar da aka cim ma ruwa, Malam Maiwada ya karɓi gugan farko, ya wanke allunan nan biyar a ƙwarya, ya kai wa Shafa'atu da hannunsa.